Tarihin Masaukin Monte Rosa a Tsaunukan Suwizalan

Duk ɗan'uwan da ya taɓa yin hunturu a Turai ya ga yadda mutanen nan suke ɗokin saukar dusar ƙanƙara. A daidai lokacin da mu muke ƙudundune a ɗaki muna lissafin kwanakin da suka rage sanyi ya wuce, su kuwa allunan zamiya suke ɗaurewa a saman mota su nufi tsauni. Akasarinsu wuraren shaƙatawa suke zuwa, inda kujeru masu tafiya a jikin waya suke kai mutum can sama ya zamo ƙasa, da yamma ya koma otel. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da ba ruwansu da kujerar waya. Da ƙafarsu suke hawa, allunan na ɗaure a takalmansu, su yi kwana biyar ko shida suna ratsa tsaunukan Alps daga wannan kwari zuwa wancan, a inda babu hanyar mota, babu wayar lantarki, balle famfo. Irin waɗannan matafiya dole ne su sami wurin yada zango kowane dare, in ba haka ba sanyi ya kashe su kafin gari ya waye.

Masaukin Monte Rosa, wanda yake kudancin Suwizalan dab da iyakar Italiya, a tsayin mita 2,883 daga doron teku, yana cikin waɗannan wurare. Mu da muke karatun zayyanar gine-gine da wuya a gama darasi a kan gini mai tattalin makamashi ba a haska mana hotonsa ba, yana ƙyalli a tsakiyar ƙanƙara kamar an ajiye dutsen lu'ulu'u. Abin da ba a cika nuna mana ba shi ne abin da ya gabace shi da kuma abin da ya same shi bayan an buɗe shi. Wannan shi ne abin da nake so in ɗan warware wa mai karatu, domin a ganina hoton shi kaɗai yana ruɗin ɗalibi.

Masu ratsa tsauni don dole

Tun kafin a san hawan tsauni don nishaɗi akwai masu ratsa Alps don dole, wato fatake da sojoji da masu ziyarar ibada zuwa birnin Rum. Wajajen shekarar 1050 wani limamin Kirista mai suna Bernard ya kafa masu masauki a wata mashiga tsakanin Suwizalan da Italiya, a tsayin mita 2,469, wadda a yau ake kira Grand Saint Bernard. Wurin ya wuce iyakar da bishiya take tsirowa, saboda haka itacen da za a ƙona a dogon hunturu sai an ɗauko shi da bazara a bayan dawakai daga kwarin Ferret. Wanda ya san da irin wahalar da kowane guntun itace ya iso murhunsa, ba sai an koya masa tattali ba. Shi ya sa ginin ya zo da katanga mai kauri da ƙananan tagogi. Ta wannan mashiga Napoleon ya bi da sojoji kimanin 40,000 a watan Mayun 1800. Har yanzu masaukin yana karɓar baƙi, kuma idan dusar ƙanƙara ta toshe hanyar mota da hunturu, a kan allunan zamiya yawancin baƙin suke isowa.

Hawa don nishaɗi kuwa sai a ƙarni na 19 ya kankama, kuma Turawan Ingila masu hannu da shuni ne a kan gaba. A 1855 wasu daga cikinsu, tare da 'yan jagora na ƙasar, suka fara taka ƙololuwar Monte Rosa, wadda daga baya aka raɗa wa suna Dufourspitze, mai tsayin mita 4,634, wuri mafi tsawo a duk Suwizalan. A 1857 suka kafa ƙungiyar mahaya tsauni a Landan. Mutanen Suwizalan da suka ga baƙi na neman mamaye masu tsaunukansu, sai su ma suka kafa tasu ƙungiyar a garin Olten a 1863, wadda aka fi sani da SAC. A wannan shekarar suka gina masaukinsu na farko, Grünhorn, a jikin tsaunin Tödi. Kiransa gini ma alfarma ce, domin katangu ne na duwatsu da aka jera ba siminti, wanda ya zo kwana ya ja tamfol ya rufe sama. A yau ƙungiyar tana da masaukai kimanin 150.

Na Monte Rosa na farko an kammala shi a 1895 da dukiyar da wani injiniya mai suna François Bétemps ya bari wasiyya, shi ya sa aka daɗe ana kiransa da sunansa. Ɗakin katako ne mai ɗaukar mutum 25, a tsayin mita 2,795, a kan wani falalen dutse da kogunan ƙanƙara suka kewaye. Kogin ƙanƙara, ga wanda bai taɓa gani ba, tulin dusar ƙanƙara ce ta ɗaruruwan shekaru da ta danne ta zama ƙanƙara mai tauri, tana gangarowa cikin kwari a hankali yadda ido ba ya gani. Komai na wannan ɗakin, daga katako har ƙusa, alfadarai da 'yan dako ne suka ratso da shi ta kan ƙanƙarar.

Zuwan masu zamiya

Duk waɗannan masaukai an yi su ne don watannin Yuli da Agusta. Abin da ya sauya lissafin shi ne allunan zamiya, waɗanda asalinsu na mutanen arewacin Turai ne. Bayan Fridtjof Nansen ɗan ƙasar Norwe ya ratsa tsibirin Greenland a kansu a 1888, labarin ya bazu, samarin Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka shiga gwadawa a Alps. A watan Janairun 1897 Wilhelm Paulcke da abokansa suka ratsa tsaunukan yankin Bern a kan alluna. A watan Maris na 1898 Oskar Schuster da jagoransa Heinrich Moser suka hau Dufourspitze, akasarin tafiyar a kan alluna, shekara uku kacal da gina ɗakin Bétemps. Zuwa 1911 an kammala bin doguwar hanyar nan ta Chamonix a Faransa zuwa Zermatt a Suwizalan da hunturu. Dabarar hawan ita ce a manna fata a ƙarƙashin allon, a da ta wata dabbar teku, yanzu ta roba ko gashin akuya. Gashin yana kwanciya idan an tura ƙafa gaba, ya miƙe ya riƙe idan allon zai koma baya. In an kai sama sai a ɓare fatar a zamo.

Ga mai zayyanar gini, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Lokacin masu zamiya daga Maris ne zuwa Mayu, lokacin da a wannan tsayin babu ɗigon ruwa mai gudu ko ɗaya. Ruwan sha da na girki sai an narka dusar ƙanƙara a kan wuta, kuma narka kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin zafi daidai da wanda zai ɗaga ruwan daga digiri 0 zuwa 80. Wato kafin a ce an fara dafa shayi an riga an ƙone kusan rabin itacen. Ga kuma jiƙaƙƙun takalma da fatun da dole su bushe kafin asuba, domin masu nufin ƙololuwa tun cikin dare suke tashi, don su sauko kafin rana ta sassauta dusar ta fara zaftarewa. Daga nan matsalar masauki a tsauni ta koma matsalar wuta da ruwa, kuma har yau ita ce.

Wata al'ada da ta samo asali a nan, wadda take burge ni ƙwarai, ita ce ta ɗakin hunturu. A watannin da babu mai kula da masauki, akan bar ɗaki ɗaya a buɗe da murhu da itace da barguna. Wanda ya kwana ya rubuta sunansa a littafi, ya biya kuɗin a akwati ko ya aika daga baya, ya share wurin, ya ja ƙofa. Amana ce tsantsa, kuma ta fuskar gini dabara ce: a ɗumama ƙaramin ɗaki ɗaya, a bar sauran gidan ya daskare abinsa.

Da baƙi suka yi ta ƙaruwa, sai aka yi ta faɗaɗa ɗakin Bétemps. A 1940 aka kammala sabon gini na dutse mai gado 86, aka ci gaba da ƙari har ya kai gado 160 a 1984. A cikin waɗannan shekarun jirgi mai saukar ungulu ya karɓi aikin alfadari, kuma daga ranar da dako ya yi sauƙi tattali ya fara raguwa. Man injin da gas ɗin girki da abincin gwangwani duk suka riƙa zuwa ta sama. A wannan zamanin mutum ɗaya ya cancanci a ambace shi, Jakob Eschenmoser, wanda ya zana wa ƙungiyar masaukai da dama, ciki har da na Dom a 1957. Ya lura cewa kafaɗar mutum ta fi ƙafafunsa faɗi, don haka ya yi gadaje masu faɗi ta kai, tsukakku ta ƙafa, ya jera su a zagaye, gidan ya fito mai kusurwa da yawa kusan kamar da'ira. Duk wanda ya tashi a ɗakin kara zagayayye ya san hikimar ko da bai taɓa lissafa ta ba: zagayayyen ɗaki ya fi kowane ƙarancin bango a kan fili iri ɗaya, kuma ta bango zafi yake guduwa.

Sabon gini

A 2003 jami'ar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Zurich, wato ETH, tana shirin bikin cika shekara 150 da za a yi a 2005, sai ta haɗa kai da SAC don gina sabon masauki a Monte Rosa. Aka danƙa zanen ga ɗalibai a ƙarƙashin Farfesa Andrea Deplazes, suka yi zango huɗu na karatu suna fafatawa a kansa, sannan ofishin Bearth da Deplazes ya ƙarasa aikin. An aza harsashi a watan Agustan 2008, aka yi bikin buɗewa a watan Satumbar 2009, baƙi suka fara kwana a watan Maris na 2010, daidai farkon lokacin masu zamiya. Ya ci kimanin franc miliyan 6.5 na kuɗin Suwizalan, yana da gado 120, wato bai kai tsohon ɗaukar mutane ba. Burin da aka sa gaba shi ne gidan ya samar wa kansa kashi 90 cikin 100 na makamashin da yake bukata.

Jikin ginin katako ne, an yanka shi da injin mai aiki da kwamfuta a can ƙasa, gunduwa-gunduwa kimanin 420. Jirgin ƙasa mai hawan Gornergrat, wanda yake aiki tun 1898, ya kai su iyakar inda zai iya, daga nan jirgi mai saukar ungulu ya ƙarasa. Shi da ma'aikata da sauran kaya, an yi sawu wajen 3,000. Aka ɗora katakon a kan harsashin ƙarfe da aka kafe a jikin dutse, aka lulluɓe shi da abin tare sanyi mai kauri, sannan aka rufe da alminiyam. Siffarsa dunƙulalliya ce mai kusurwa da yawa, gadajen ma tsukakku ne ta ƙafa, wato dai an koma wa dabarar Eschenmoser.

Bangon kudu an karkatar da shi yana fuskantar rana, an shafe shi da allunan sola masu faɗin murabba'in mita 80 da ɗoriya, waɗanda suke tara wuta a batura. A wannan tsayin iska ba ta da kauri, ga hasken da farar ƙanƙara take dawo da shi, ga sanyi wanda allunan sola suka fi aiki a cikinsa, don haka suna ba da wuta fiye da yadda za su bayar a cikin gari. A gefe kuma, a jikin dutse, akwai wasu allunan na daban masu dafa ruwa. Inda zanen ya fi burge ni shi ne matakala. An yi ta mai faɗi tana kewaya gidan ta jikin bangon waje daga ɗakin cin abinci har sama, da doguwar taga tana biye da ita, ta yadda rana a tafiyarta take zuba zafi a cikinta. Iskar da ta ɗumama a nan ita ake turawa ɗakunan kwana, kuma kafin a fitar da gurɓatacciyar iska waje sai an tatse zafin da ke cikinta an mayar. Hatta zafin jikin baƙi yana cikin lissafi. Mutum a zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100, saboda haka gida cike da mutum 120 tamkar an kunna abin ɗumama ɗaki mai kilowat 12 ne, ba tare da an ƙona komai ba.

Batun ruwa kuwa, an fasa kogo a cikin dutse kimanin mita 40 sama da gidan, mai ɗaukar lita 200,000. Ruwan da yake narkewa a 'yan watannin bazara shi yake cika shi, dutsen ya hana shi daskarewa, tsayin kuma ya ba shi ƙarfin gangarowa famfo ba tare da injin ba. Wannan ruwan ne masu zamiya suke sha a watan Maris. Ruwan da aka yi amfani da shi ana tace shi a wata na'ura a ƙasan gidan, inda ƙananan halittu suke cinye ƙazantar, a mayar da shi wanke bayan gida. Domin ranakun da hadari ya rufe rana an ajiye injin mai shan man tsirrai wanda yake ba da lantarki da zafi a lokaci guda. An kuma tsara cewa kwamfuta za ta riƙa duba hasashen yanayi da yawan waɗanda suka kama gado, ta yanke lokacin da ya dace a kunna kowace na'ura. Tsohon masaukin kuwa, sojojin Suwizalan suka tashe shi da nakiya a watan Yulin 2011, domin sharaɗin izinin sabon ginin shi ne kada a bar biyu a wurin.

Na taɓa hango shi daga Gornergrat a wata rana mai haske. Da farko ban gane shi ba, sai da rana ta bugi alminiyam ɗin na ga wani ɗan ɗigo yana walƙiya a tsallaken kogin ƙanƙara, ƙanƙani ƙwarai idan aka gwada da tsaunin da ke bayansa.

Abin da lissafi bai hango ba

An zana duk waɗannan na'urori ne a kan cewa za a riƙa samun kwanan baƙi kimanin 6,500 a shekara. Amma jaridu da gidajen talabijin sun riga sun yayata gidan, sai ga jama'a sun yi ca, ciki har da waɗanda ba tsauni ya kawo su ba, ginin suka zo kallo. A 2010 da 2011 kwanan baƙi ya haura 10,000 kowace shekara. Na'urar tace ruwa, wadda dama tana cikin masu cin wuta sosai, ta sha kaya fiye da ƙarfinta, injin man tsirrai da aka ajiye don ko-ta-kwana ya koma yin aiki a kai a kai, kashi 90 ɗin nan kuma bai samu ba a waɗannan shekarun. Sai da aka sake gyara na'urar aka kuma ƙara allunan sola. A 2020 aka sauke tsofaffin batura na dalma masu nauyin fiye da tan 8, aka maye gurbinsu da na litiyam waɗanda ba su kai tan 3 ba.

Akwai masu ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa aikin duka burga ce ta jami'a. Ban yarda da su ba. Bango da matakala da kogon ruwa sun yi abin da aka gina su dominsa, kuma an koyi abubuwa da yawa daga aikin. Inda nake ganin an yi sakaci shi ne wajen abin da aka yi wa baƙo alkawari. Mutanen Bétemps da bargo da miyar gwangwani suka wadatu, bayan gidansu rami ne a bakin dutse. Sabon gida ya zo da bayan gida na ruwa da wurin wanka da ruwan zafi a tsayin kusan mita 2,900, kuma jin daɗin nan shi ya jawo cincirindon da ya karya lissafin. Masu zanen sun auna rana, sun auna iska da ruwa daki-daki, amma yawan baƙi sun ɗauke shi kamar adadi ne tsayayye, alhali kuwa ginin da kansa ne ya ninka shi. Ban da haka, abinci da gas ɗin girki har yanzu ta sama suke zuwa, shara ma ta sama take komawa, kuma wannan ba ya fitowa a hoton da ake nuna mana a aji.

Daga baya yawan baƙin ya ragu, kuma cikin dalilan har da wanda babu mai zanen da yake da iko a kansa. Kogin ƙanƙara na Gorner, wanda dole a tsallaka kafin a isa masaukin daga tashar jirgin ƙasa ta Rotenboden, yana ta janyewa yana kuma raguwar kauri. Tun tsakiyar ƙarni na 19 bakinsa ya ja baya fiye da kilomita 2 da rabi. Hanyar da a da ake takawa kai tsaye a hau ƙanƙara ta koma sai an sauka ta tsanin ƙarfe a jikin dutse, har sai da aka fitar da wata sabuwar hanya ta can sama. Ba Monte Rosa kaɗai abin ya shafa ba. Masaukin Konkordia, wanda aka gina a 1877 kimanin mita 50 sama da kogin ƙanƙara na Aletsch, yanzu ya koma wajen mita 200 sama da shi, kuma masu zamiya sai sun jingine allunansu a ƙasa sun hau matakalar ƙarfe mai ɗaruruwan taki da takalmansu masu nauyi, bayan sun wuni suna tafiya. Na Mutthorn kuwa rufe shi aka yi a 2022, domin dutsen da yake zaune a kai ya fara motsi bayan ƙanƙarar da take tallafe da shi ta janye.

Shi masaukin Monte Rosa a kan dutse mai ƙwari yake, amma kogon ruwansa ya dogara ne ga dusar da take sauka a samansa kowane hunturu ta narke da bazara. Masu auna kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun ba da rahoton cewa a shekarun 2022 da 2023 kaɗai ƙasar ta rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar da ta rage mata, kashi 6 a shekarar farko, kashi 4 a ta biyu, kuma a duka shekarun biyu ƙarancin saukar dusa da hunturu yana cikin musabbabin asarar.